Godiya ga Waɗanda Suka Tsaya Mana Har Waifai Ya Tashi a Allunan Masauki

Assalamu alaikum warahmatullah.

Alhamdu lillahi. Allunan nan shida da ke nuna lokutan sallah da sanarwar baƙi a masaukin da ke unguwar Misfala, nan Makka, sun kama waifai, agogonsu ya daidaita, kuma yau kwana goma ke nan babu wanda ya yanke. Mu da aka ba aikin mun ga ya wajaba mu fito fili mu gode wa iyaye da 'yan'uwan da suka sa hannu. Za mu kuma rubuta abin da kowannensu ya gano dalla-dalla, domin duk wanda zai haɗa irin wannan na'ura a Makka, Jidda ko Madina zai ci karo da matsalolin nan, kusan a jere ɗaya.

Ga wanda bai san aikin ba: a bayan kowane talabijin akwai ƙaramar kwamfuta Raspberry Pi 4. Babbar manhajar da ke cikinta Linux ce da aka gina musamman da Yocto (kayan aikin da ake gina wa na'ura Linux nata da su), fitowar scarthgap ta 2024, haɗe da meta-raspberrypi, wato shimfiɗar saitin da ke sa Yocto ya dace da Raspberry Pi. An yi ta 'yar ƙarama da gangan, don ta tashi da sauri ta kuma jure a kashe mata soket ba zato. Sai dai wannan kwamfutar ba ta zuwa da agogo mai batir. In ba ta sami intanet ba, ba ta san ƙarfe nawa ba, allon da bai san lokaci ba kuwa yana iya jawo wa baƙo rasa jam'in Asuba a Harami. Shi ya sa rashin waifai ya tsayar da aikin gaba ɗaya.

Godiya ta farko ga Baba, dattijonmu injiniya da ke Jidda, Allah ya ƙara masa lafiya da nisan kwana. Shi ya hana a ci gaba da canza kalmar sirri a makance, ya ce a fara buɗe bakin na'urar a ji abin da take faɗa. Aka sa ENABLE_UART = "1" a local.conf, fayil ɗin saitin Yocto, aka jona wayar USB mai volt 3.3 a ƙafa ta 6, ta 8 da ta 10, TX na wannan ɓangare zuwa RX na wancan, a gudun 115200. Da aka buga ip link, lo da eth0 kaɗai suka bayyana, babu wlan0, sunan da Linux ke ba hanyar waifai. Ke nan Linux ɗin bai ma san akwai guntun waifai a jikin kwamfutar ba, balle a zo zancen rauta.

Baba ya sa aka buɗe fayil ɗin manifest da ke cikin tmp/deploy/images, wanda ke jera duk ƙunshin da ya shiga dunƙulen manhajar. Babu direba, wato manhajar da Linux ke sarrafa guntun da ita, babu kuma manhajar da ake ɗura wa guntun kansa. Ga dalili, kuma wannan ita ce gaɓar da ta fi kowace muhimmanci. Masu meta-raspberrypi sun riga sun lissafa kayan waifai a ƙarƙashin MACHINE_EXTRA_RRECOMMENDS, amma packagegroup-base ne ke jawo wannan lissafin. Shi core-image-minimal, wanda muka gina a kansa, ba ya ɗauke da packagegroup-base. Abin da ake buƙata don na'ura ta tashi kawai yake kwasowa. Wanda ya gina da core-image-base zai tarar da kayan a ciki bai sha wahala ba. Wanda ya zaɓi ƙaramin kuwa sai ya ambaci kowane ƙunshi da sunansa a IMAGE_INSTALL:append: linux-firmware-rpidistro-bcm43455, kernel-module-brcmfmac, wpa-supplicant, iw da wireless-regdb-static. A bar sarari ɗaya bayan alamar buɗe zance, in ba haka ba sunan farko zai manne da abin da ya gabace shi. A kuma lura cewa tun daga fitowar 3.4 ta 2021 da ɗigo biyu ake rubuta :append. Tsohon salon _append da ya cika tsofaffin bayanai a intanet, bitbake, manhajar da ke yin ginin a Yocto, ba ya karɓarsa yanzu. Sannan ƙunshin manhajar guntun ba zai ginu ba sai an amince da lasisinsa a rubuce: LICENSE_FLAGS_ACCEPTED = "synaptics-killswitch".

Bayan an gyara wannan an sake ɗura wa katin, wlan0 bai fito ba har yanzu. A nan muke miƙa godiya ga ƙanenmu ɗalibi da ke Riyad, wanda aka tura wa hoton dmesg | grep brcmf da tsakar dare bai ce sai gobe ba. Guntun da ke Pi 4 shi ne CYW43455, yana magana da kwamfutar ta hanyar SDIO, direbansa brcmfmac. A ƙwayar Linux ta 6.6 da muke amfani da ita, an raba direban: akwai uwar, akwai 'yan rassa da take kira bayan ta gane guntun. Reshen da namu ke nema shi ne brcmfmac-wcc. Tun da sai na'ura ta tashi ake kiransa, Yocto ba ya ganin shi a matsayin abin da uwar ta dogara da shi, don haka ba ya sa shi da kansa. Aka ƙara kernel-module-brcmfmac-wcc, wlan0 ya bayyana. Shawararsa ga mai farawa ita ce ya zuba kernel-modules gaba ɗaya har komai ya yi aiki, ya duba lsmod ya ga waɗanda aka ɗauko, sannan ya rage. Mun yarda da wannan ɗari bisa ɗari. Gara dunƙule ya yi nauyi na kwana biyu da a yi mako ana laluben ƙunshi guda.

Yaron nan ya kuma raba mana kuskure na gaske da wanda ba ya cutarwa. Layin da ke cewa an kasa ɗauko fayil da error -2 ma'anarsa ba a sami fayil ɗin ba. Idan sunan da aka nema mai ɗauke da raspberrypi,4-model-b ne kuma ya ƙare da .bin, ba komai, direban zai koma ga suna na gama-gari. Idan kuwa brcmfmac43455-sdio.bin kansa ne ya ɓata, waifai ba zai tashi ba. Fayil uku ake so a gani a /lib/firmware/brcm: mai .bin, mai .txt da ke ɗauke da saitin eriya da ƙarfin aikawa na wannan kwamfutar, da mai .clm_blob da ya shafi tashoshin da aka yarda da su. Allah ya ba shi ilimi mai amfani, ya sa ya gama karatu lafiya.

Yayarmu malamar kwamfuta da ke Madina ita ta ɗauki ɓangaren haɗuwa da rauta, Allah ya saka mata da alheri. Idan aka kunna wpa_supplicant, manhajar da ke haɗa na'ura da rauta, da hannu yana kamawa, amma da an kashe an kunna sai shiru. Ta nuna cewa a Yocto ƙunshin yana zuwa ne a kashe. Abin da ake so ya tashi shi ne wpa_supplicant@wlan0.service, shi kuma fayil ɗaya tak yake karantawa, /etc/wpa_supplicant/wpa_supplicant-wlan0.conf, wanda aka ajiye a /etc/wpa_supplicant.conf ba ruwansa da shi. Aka rubuta wpa-supplicant_%.bbappend a tamu shimfiɗar, wato tarin fayilolin saitin da muka ƙara wa Yocto, ya sa fayil ɗin a mazauninsa da izinin 600, ya ƙara sunan hidimar a SYSTEMD_SERVICE, ya mai da SYSTEMD_AUTO_ENABLE zuwa "enable". Ta tunatar da mu cewa haɗuwa da rauta daban, samun adireshin IP daban. Don haka aka ƙara ɗan fayil a /etc/systemd/network mai Name=wlan0 da DHCP=yes, aka tabbatar systemd-resolved na aiki don a iya kiran shafi da sunansa. Gargaɗinta shi ne kada a tara masu kula da waifai biyu a dunƙule ɗaya. Idan connman ko dhcpcd ya shigo ta bayan fage, shi da systemd-networkd za su yi ta ƙwace wlan0, haɗin ya riƙa zuwa yana tafiya.

Akwai abin da ita kaɗai ta lura da shi, wanda ya shafi ƙasar nan musamman. Sunan waifai na masaukin da haruffan Larabci aka rubuta shi. Kowane harafin Larabci yana cin bayit biyu a UTF-8, sunan waifai kuma ba ya wuce bayit 32. Wajen kwafar sunan daga waya zuwa fayil, wata alamar jan rubutu daga dama zuwa hagu, wadda ido ba ya gani, ta biyo shi, sai sunan ya daina dacewa. Maganin shi ne a rubuta ssid, wato sunan waifai ɗin, da lambobin hex ba tare da alamar zance ba, bayan an ciro ainihin bayit ɗin daga iw dev wlan0 scan. Kalmar sirri kuma a bi da ita ta wpa_passphrase, a goge layin da ke nuna ta a fili.

Alluna huɗu sun kama, biyu na hawa na uku suka ƙi ganin rautar kwata-kwata, alhali wayar kowa na ganinta. Ɗan'uwanmu Bahaushen Sudan, mutumin Mai Wurno da ke aikin jona intanet a Jidda, shi ya taso takanas ya warware wannan. Ya buga iw reg get, amsa ta zo country 00, wato na'urar ba ta san a wace ƙasa take ba, tana bin ƙa'idar gama-gari mai tsauri. Rautar wannan hawan ta zaɓi tasha ta 13 a zangon 2.4 GHz, wadda ta halatta a Saudiyya, amma na'urar da ba a gaya wa ƙasarta ba takan kauce wa tasha ta 12 da ta 13. Aka sa country=SA a saman fayil ɗin wpa_supplicant, aka tabbatar regulatory.db da regulatory.db.p7s suna cikin /lib/firmware, rautar ta bayyana nan take. Kada wani ya ari lambar wata ƙasa don ya ga ta yi aiki a wani wuri. Na'ura tana Saudiyya, SA za a rubuta.

Shi ne kuma ya gano shafin nan da ke tare baƙo sai ya danna amincewa kafin a buɗe masa intanet. Allo ba shi da mai danna masa. Zai sami adireshin IP, a ga kamar komai daidai, amma ko lokaci ba zai iya tambaya ba. Ya zauna da mai kula da intanet na gidan aka shigar da lambar MAC, wato lambar shaidar guntun waifai, ta kowane allo cikin waɗanda aka yafe wa shafin, aka kuma buɗe musu ƙofar UDP 123 da ake karɓar lokaci ta cikinta. Ko kuɗin mota bai karɓa ba. Allah ya biya shi, ya kawo wa Sudan zaman lafiya, ya haɗa shi da danginsa cikin aminci.

Saura yankewar da ake samu jefi-jefi. Malam mai gyaran lantarki da ke makwabtaka da masaukin ya dubi bayan talabijin sau ɗaya ya ce wutar ba ta isa. Daga ramin USB na talabijin aka ja wa kwamfutocin wuta, irin wannan ramin kuwa sau da yawa rabin amfiya yake bayarwa, alhali Pi 4 na son volt 5.1 da amfiya 3. Rahoton dmesg ya gaskata shi, ga Undervoltage detected nan a rubuce. Aka saya wa kowanne cajarsa mai gajeriyar waya mai kauri. Ya kuma sa aka ciro su daga tsakiyar ƙarfen da ke riƙe talabijin aka maido su gefe, domin eriyar a jikin kwamfutar take, ƙarfe na tare ta, zafi kuma na taruwa a wurin. Aka haɗa da iw dev wlan0 set power_save off a duk tashi, tun da na'urar ba a batir take ba, babu amfanin guntun ya riƙa gyangyaɗi. Mun gode, Malam, Allah ya yi wa sana'a albarka.

Da intanet ya zauna sai agogon ya nuna baya da awa uku cif. Wannan ba laifin waifai ba ne: dunƙulen yana kan UTC, agogon da duniya ke lissafi daga kansa, Saudiyya kuwa tana gaba da awa uku duk shekara. Aka ƙara tzdata-asia, aka sa DEFAULT_TIMEZONE = "Asia/Riyadh". Aka kuma kunna systemd-time-wait-sync, aka tsara manhajar allon ta jira time-sync.target, ta yadda in lokaci bai tabbata ba allon zai rubuta cewa yana jiran daidaita agogo maimakon ya nuna lokacin ƙarya. Muna godiya ga Malam limamin da ya zauna da kalandar Ummul Ƙura yana gwada ta da allon har kwana uku, ya kuma tunasar da mu cewa a nan Isha'i tana zuwa ne minti 90 bayan Magariba, a Ramadan kuma minti 120. An sa wannan a lissafin.

Ba za mu manta da harisin gidan ba, wato mai gadi, wanda ya riƙa buɗe ƙofa yana ɗauko tsani a lokacin da ya kamata ya huta, da Hajiya da ta riƙa aiko da shayi da abinci, da Alhaji mai masaukin da ya yi haƙuri bai ɗaga wa kowa murya ba. Haka nan dubban mutanen da ba mu san fuskarsu ba, masu rubuta Linux, Yocto da meta-raspberrypi suna sakin aikinsu kyauta. Allah ya saka wa kowa da mafificin alheri.

Aiki ɗaya ya rage: za a sa wa kowane allo agogon DS3231 mai batirin CR2032, ta hanyar I2C a adireshin 0x68, da ENABLE_I2C = "1" da layin dtoverlay=i2c-rtc,ds3231, domin ko intanet ya ɗauke lokaci ya ci gaba da tafiya daidai. An riga an gwada a allo ɗaya, sauran biyar za a yi su bayan Juma'a in Allah ya yarda. Shimfiɗar da muka rubuta tana nan ga duk ɗan'uwan da ke so ya yi amfani da ita. An cire sunan waifai da kalmar sirrin masaukin daga cikinta, sai mutum ya sa nasa kafin ya gina.

Wassalamu alaikum.