Tapsilog, karin kumallon mutanen Filifin

Sunan nan haɗi ne na kalmomi uku: tapa, wato naman sa da aka tsuma, sinangag, soyayyar shinkafa da tafarnuwa, sai itlog, ƙwai.

Ga rabin kilo na tsokar sa, a yanka falle-falle kamar za a yi kilishi, a gicciye da jijiyar naman, in ba haka ba tauna sai ta gagara. A zuba cokali 4 na ruwan soya sos, 2 na lemun tsami (su 'yan Filifin calamansi suke sawa, wani ƙaramin lemun tsami nasu), 1 na sukari, tafarnuwa ɗiya 6 da masoro. Ya kwana a firji.

Wajen suya ake yawan kwafsawa. Wuta in ta yi yawa, sukarin zai ƙone ya yi ɗaci alhali naman bai nuna ba. A fara da ɗan ruwa a kasko, in ya tsotse sannan a zuba mai.

Shinkafa kuwa ta jiya ake so. Sabuwar dafuwa caɓewa take yi. Ƙwan a bar kwanduwar da ruwa-ruwa.

A kula: wasu naman karin kumallon nasu da ake ci a madadin tapa, wato tocino (tsumammen nama mai zaƙi) da longganisa (sosej), galibi da alade ake yinsu, a tambaya kafin a saya.