Rufe baranda da gilashi a Birnin Kebbi: gilashin tsada zai biya kuɗinsa?

Masu sababbin gine-gine a Birnin Kebbi sun fara sha'awar rufe baranda da gilashi ta zama falo na biyu, wasu har da rufin gilashi irin na gidajen Ingila. Mai sayarwa zai ce a sa gilashi mai ruɓi biyu, wato falle biyu da 'yar tazara a tsakaninsu, wai yana rage shan wuta. Yana ragewa, amma ba kowane iri ba. Turawa sun ƙera shi ne don ya riƙe ɗumi a cikin ɗaki. Mu kuwa da zafinmu ke wuce digiri 40 a Afrilu, abokiyar gabarmu rana ce.

Zafi na shigowa ta gilashi ta hanya biyu. Akwai na iskar waje da ke ratsa jikinsa, shi ne lambar U a takardar kamfani. Akwai na hasken rana kai tsaye, lambarsa SHGC, wadda ke nuna kason zafin rana da ke wucewa ta gilashin. A ɗauki bangon gilashi mai murabba'in mita 10 da ke fuskantar yamma, waje digiri 42, ciki 26. Farin gilashi falle ɗaya, mai U kusan 5.8, zai ratso da wat 930. Ranar la'asar kuwa, wadda ke kai wat 600 a kowane murabba'in mita, kashi 80 cikin ɗari na wucewa, wato wat 4,800. Ka ga inda gizo ke saƙa. In ka sayi mai ruɓi biyu na gama-gari, U zai sauko 2.8, ka rage wat 480, amma kusan kashi 70 na rana zai ci gaba da shiga. Kuɗi sun tafi, ɗaki na nan kusan yadda yake. Wanda ke aiki a nan shi ne mai shafin tare rana, irin Low-E mai SHGC 0.3 ko ƙasa da haka. Shi ke mayar da 4,800 ɗin nan 1,800. Ragin ya kusa aikin esi guda mai ƙarfin doki ɗaya da rabi, wadda ke kwashe zafi kimanin wat 3,500. Ga mai dogaro da sola ko janareta, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Rufin gilashi kam, a manta da shi. Muna kusa da digiri 12 arewa da layin da ya raba duniya biyu, rana na tsayawa tsakar ka a ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta. Rufi mai mita 4 da 3 na farin gilashi zai zubo zafi fiye da wat 8,000 da azahar, kuma ko da mai tsadar ne sai ya cinye esi guda shi kaɗai. Kwano da silin, da abin tare zafi a tsakaninsu, sun fi shi nesa ba kusa ba.

To wa ya kamata ya saya? Wanda zai riƙa kunna esi sa'o'i da yawa kullum, kuma gilashinsa na kallon gabas ko yamma. Kudu da arewa, rumfa mai fitowa kamar mita guda ta isa ta tare yawancin ranar. Wanda kuma fanka kawai zai sa, ruɓi biyu cutarsa zai yi, don zafin da ya shiga da rana ba ya saurin fita da dare. Gara falle ɗaya, da tagogi masu buɗewa ta ɓangarori biyu, da asabari ko dogon yaro daga waje. Labule na ciki ba ya yin wannan aikin, zafi ya riga ya shigo kafin ya iske shi. Gilashi mai duhu ma tsotse zafin yake yi, ya ɗau wuta, ya mayar da wani kaso cikin ɗaki.

In an yanke shawarar saye, wajen ɗaurawa ake yawan yin asara. Falle biyu na milimita 6 da tazarar 12 a tsakani sun kai kaurin 24, nauyinsu kilo 30 a kowane murabba'in mita. Firam ɗin alminiyom na kasuwa na gilashin milimita 4 ko 5 ne, ba zai ɗauka ba, tayoyinsa ma za su lotsa. Kuma alminiyom ɗin da ba a raba cikinsa da wajensa da roba ba, shi kansa hanyar zafi ne. Shafin tare ranar kuma ya kasance a fuskar ciki ta fallen waje. Kunna ashana kusa da gilashin, za ka ga hoton harshen wutar guda huɗu a jikinsa, mai launi daban shi ke nuna fuskar da shafin yake. Masu aiki kan juya shi baibai ba su sani ba.

A ɗora gilashin kan 'yan tubalan roba, a bar tazarar milimita 3 zuwa 5 a gefe don ƙarfe na buɗewa da zafi. Kada a toshe ramukan fitar ruwa na ƙasan firam, kuma a riƙa share su bayan hunturu, don ƙura na cika su. Ruwan damina in ya kwanta a nan yakan ci gam ɗin bakin gilashin, sai raɓa ta taru tsakanin fallayen, kuma babu gyara sai canji. Silikon mai warin tsami ma yana lalata wannan gam, a nemi marar warin. Gasasshen gilashi, wato wanda aka gasa a masana'anta don ya ƙara ƙarfi, ba ya yankuwa bayan an gasa shi, don haka a gama ɗaura firam kafin a ɗauki awo. Tunda daga nesa ake kawo shi, a yi tagogin duka awo ɗaya, a ƙara falle guda a ajiye, kuma a tsaye ake ɗauko shi a mota, ba a kwance ba.