Wasiƙa daga Milwaukee: Makonni Uku a Hannun Alƙalan Aro

Assalamu alaikum 'yan uwana na gida, manya da yara, musamman ma'abota gidajen kallon ƙwallo. Ina fatan kuna lafiya. Ya iyali, ya haƙuri da rayuwa? Mu ma a nan Milwaukee, jihar Wisconsin ta Amurka, sai godiyar Allah.

Wayar da muka yi da ƙanena ce ta sa na zauna rubuta wannan wasiƙa. Ya dawo daga filin wasa ransa a ɓace, yana ba ni labarin yadda 'yan kallo suka yi wa alƙalin wasa rakiya da jifa. Da na nuna masa ban ji daɗi ba, sai ya ce: "Haba Yaya, busa usur har wani aiki ne? Ko ni aka miƙa wa zan yi." Maganar ta tsaya mini a rai, domin na taɓa ganin attajirai masu biliyoyin daloli sun yi irin wannan tunani, kuma ina zaune a jihar da abin ya fashe a kanta.

Ƙwallon da zan ba ku labarinta ta Amurkawa ce, mai siffar ƙwai, wadda ake runguma a ruga da ita, 'yan wasa sanye da hular kwano suna karo kamar raguna. Babbar gasarsu ita ce NFL, mai ƙungiyoyi 32. A kowane wasa alƙalai bakwai ne a fili, da riguna masu ratsin baƙi da fari, kowa da ƙyallen rawaya da yake jefawa in ya ga laifi. Yawancinsu suna da wata sana'ar, akwai lauyoyi, akwai malaman makaranta, akwai 'yan kasuwa. Amma kafin mutum ya kai wannan mataki sai ya shekara da shekaru yana hawa, daga wasannin sakandare zuwa na manyan jami'o'i.

A ƙarshen watan Mayu na 2012 yarjejeniyar hukumar gasar da ƙungiyar alƙalan ta ƙare, aka kasa daidaitawa. Da muka ji rikicin ma'aikata, yajin aiki ne ke fara zuwa mana a rai. To, waɗannan alƙalai 121 ba su ajiye aiki ba. Hukumar ce ta rufe musu ƙofa a farkon watan Yuni, ta ce kada wanda ya taka fili sai an sa hannu a sabuwar yarjejeniya. An ja a kan albashi, an ja a kan ƙaro sabbin alƙalai, amma ƙashin bayan rigimar fansho ne. A tsohon tsari, hukuma ce ke ɗaukar alkawarin biyan ka sanannen adadi bayan ka yi ritaya. Masu ƙungiyoyi suka ce a koma zuba kuɗi a asusun kowa, a juya su a kasuwar hannun jari, abin da ka tarar ranar ritaya shi ne rabonka. Ma'aikacin Najeriya da ya ga sauyin tsarin fansho na 2004 ba ya buƙatar dogon bayani a nan. Gasar kuwa a lokacin tana samun kusan dala biliyan 9 a shekara.

Hukumar ta bazama neman masu maye gurbi. Alƙalan manyan gasannin jami'o'i akasarinsu ba su zo ba, don haka aka gangara ƙasa: ƙananan kwalejoji, makarantun sakandare, ƙananan gasanni. Aka yi musu bita, aka ba su riga da usur. A cikinsu ne aka samu Shannon Eastin, mace ta farko da ta yi alƙalanci a wasan gasar, ranar 9 ga Satumba.

Makon farko ya wuce da 'yan gunaguni. Daga na biyu kayan aro ya fara nuna ba ya rufe katara. Ana ajiye ƙwallo a inda ba nan ba ne, ana ƙirga tazarar hukunci ba daidai ba, alƙalai su taru a tsakiyar fili suna shawara har 'yan kallo su ƙosa. An janye wani daga wasan New Orleans Saints ana saura sa'o'i a fara, bayan an ga hotunansa a Facebook sanye da kayan ƙungiyar. Abin da ya fi damuna shi ne yadda 'yan wasa suka shinshino rauni. Ƙato mai nauyin kilo ɗari da ɗoriya, da zarar ya gane mai usur yana shakkar sa, sai ya ƙara riƙo, ya ƙara ture, ya kai duka bayan an busa. Masu horarwa suka koma yi wa alƙalai tsawa a gefen fili. Bill Belichick na New England Patriots har cafko hannun wani ya yi bayan an tashi wasa, aka ci shi tarar dala 50,000. A wasan da karo ɗaya kan iya kwantar da mutum a asibiti, wannan ganganci ne da lafiyar mutane, kuma ƙungiyar 'yan wasan ta rubuta wa masu ƙungiyoyi ta faɗa musu haka.

Sai daren Litinin, 24 ga Satumba. Green Bay Packers ta je birnin Seattle. Sai kun zauna a Wisconsin za ku gane matsayin Packers a zukatan mutanen nan. Green Bay ƙaramin gari ne a nan Wisconsin, mutanensa sun ɗan haura dubu ɗari, kuma ƙungiyar ba ta da uban gida attajiri, dubban magoya baya ne ke riƙe da hannun jarinta. Ni a falon maƙwabcina na kalli wasan, wani dattijo da ya yi ritaya daga masana'anta, shi da matarsa da jikokinsu. A lokacin ku can gida ana dab da kiran assalatu.

Saura daƙiƙa takwas, Packers na da maki 12, Seattle na da 7. Russell Wilson na Seattle ya cilla ƙwallo sama zuwa gidan ci, jama'a suka yi tsalle a cunkushe. Kafin tsallen, Golden Tate na Seattle ya sa hannu biyu ya hankaɗe Sam Shields na Packers ya faɗi, a bainar jama'a, ba wanda ya jefa ƙyalle. M.D. Jennings na Packers ya cafe ƙwallo ya manna ta a ƙirji, Tate ya cusa hannu, suka faɗo tare. Dokar ta ce in biyu sun cafe lokaci guda, ƙwallo ta masu kai hari ce, amma in ɗaya ya riga mallaka, tasa ce. Alƙalai biyu suka rugo suka tsaya a kansu. Ɗaya ya ɗaga hannaye sama alamar an ci, ɗayan yana kaɗa nasa alamar a tsayar da agogo. Kafaɗa da kafaɗa, a daƙiƙa guda. Aka je aka duba bidiyo, aka dawo aka ce cin ya tabbata. 'Yan Packers sun riga sun shige ɗaki, sai da aka kirawo goma sha ɗaya daga cikinsu don a yi bugun ƙarin maki da ke biyo bayan ci. Aka tashi Seattle na da 14, Packers na da 12.

Dattijon nan bai zagi kowa ba. Ya kashe talabijin, ya daɗe shiru, sannan ya ce mini shekara talatin ya yi a gaban inji, kuma kullum akwai wani a ofis da ke ganin kowa ma zai iya.

Washegari hukumar ta fitar da sanarwa, ta amsa cewa turin da Tate ya yi laifi ne da ya kamata ya kashe wasan, amma ta ce sakamako ya zauna. Shugaba Barack Obama ya yi kira a warware rikicin. Gwamnan jiharmu na lokacin, Scott Walker, wanda a 2011 ya sa hannu a dokar da ta karya ƙarfin ƙungiyoyin ma'aikatan gwamnati a Wisconsin, shi ma ya fito a Twitter yana neman a dawo da alƙalan asali, waɗanda su ma 'yan ƙungiyar ƙwadago ne. Malaman makaranta da na sani a nan sun ji zafin wannan sosai, kuma ina ganin suna da gaskiya. Ƙwarewarsu ma shekaru aka yi ana tara ta, sai dai ranar da ta ɓace ba a nuna ta a talabijin.

Abin da aka kasa yi a wata uku da ɗoriya, sai ga shi an gama a kwana biyu. Daren Laraba 26 ga wata aka cim ma yarjejeniyar shekara takwas. Tsohon tsarin fansho ya ci gaba ga waɗanda ke aiki har kakar 2016, matsakaicin albashi ya tashi daga dala 149,000 a 2011 zuwa 173,000 a 2013, da alkawarin kai wa 205,000 a 2019. Ranar Alhamis a Baltimore, da Gene Steratore da tawagarsa suka fito fili, 'yan kallo suka miƙe tsaye suna tafi. Ban taɓa ganin an yi wa alƙalin wasa haka ba, a gida ko a waje.

Har yau ina tausaya wa mutumin da ya ɗaga hannu a daren nan. Ma'aikacin banki ne daga California, mai busa wasannin sakandare da na ƙananan kwalejoji. An yi ta yi masa barazana, kuma daga baya ya faɗa da bakinsa cewa abin ya jefa shi cikin ciwon damuwa. Wasu a nan ba sa yafe wa irinsa, suna cewa ya shiga gonar masu neman haƙƙinsu, kuma maganarsu tana da tushe. Amma ni babban laifin ina ɗora shi a kan waɗanda suka san saurin wasan, suka san nauyinsa, suka tura shi duk da haka, wasa 48 cur suna kallo.

Kada ku ɗauka ƙwallon Amurkawa kaɗai abin ya shafa. A farkon kakar 2024, gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka, MLS, da Messi ke bugawa ta buɗe da alƙalan wucin gadi bayan an rufe wa na asali ƙofa, har aka sauya wanda zai busa wasan Inter Miami da Orlando City saboda an ga hotonsa sanye da rigar Miami. Sai ƙarshen Maris aka sasanta.

Ƙanena, ga roƙona. Ranar Lahadi in ka je fili, ka bar bin ƙwallo da ido na minti goma, ka bi mai tuta na gefen layi. Ka duba inda yake tsayawa, da yadda yake gudu a karkace yana kallon ɗan baya na ƙarshe da mai bugo ƙwallo a lokaci guda, mutane na zaginsa a bayan ƙeya. Ka kuma tambaya ko an biya shi alawus ɗin wasan da ya wuce. In ka dawo ka kira ni, ina jira.

A gaida su Inna da Baba, da duk mutanen unguwa. Allah Ya sada mu da alheri.

Naku,
daga Milwaukee