Gudumar da ta cinye min wilin baya

Buhun taki ɗaya ne, yuriya mai kilo 50, na ɗauko daga Birnin Kudu zan kai gona wata Asabar a cikin Agusta. Keken irin mai giya ɗin nan ne da aka ƙera don hawan duwatsu, ɗan gwanjo. Na sayo shi a Sabon Gari a Kano bayan cire tallafin mai a 2023, lokacin da babur ya fi ƙarfin aljihuna na jingine shi a zaure. Da shi nake zuwa firamaren da nake koyarwa, kilomita bakwai zuwa, bakwai dawowa, kuma shekara guda cur ban kai shi wurin mai gyara ba sai don faci.

Wanda ya san hanyoyinmu ya san rairayi. Da ka sauka daga kwalta akwai wani wuri da taya ke nutsewa, dole ka sauko ka tura. Na gano cewa in na rage iskar taya sai ta baje ta bi ta saman yashin, ka wuce kana kan sirdi. Dabarar tana ci, har yau ina yin ta. Sai dai bayan rairayin akwai gangare, inda ruwan damina ya zaizaye ƙasa ya bar bakin dutse a fili kamar matakala. Kullum nakan tsaya a nan in ciro ɗan famfona in mayar da iska. A ranar nan hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, ga taki a baya wanda ba ya shiri da ruwa. Na ce bari in wuce haka nan.

A dutse na biyu na ji ƙarar, ƙwas, har cikin ƙuguna. Tayar baya ta matse gaba ɗaya, bakin wili ya daki dutse, ga nauyina ga na buhu duk a kansa. Da na kwance daga baya na tarar da huji biyu a tiyub, gefe da gefe kamar saran maciji, bakin wilin kuma ya lotsa ciki kamar faɗin yatsu biyu. Wani yaro mai amalanken shanu ne ya taimaka ya kai min takin, ni kuma na turo keken gida cikin yayyafi.

Har zuwa nan asarar ba ta wuce kuɗin faci da ɗan gyara ba. Abin da na yi bayan la'asar shi ne yake ci min rai.

Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da Raleigh, baƙi, mai taya inci 28 da birkin sanda. Ina yaro na sha ganin ya kwantar da wilinsa a kan gungume ya yi masa guduma biyu uku, ya miƙe, washegari ya ɗora buhun gero ya nufi kasuwa. Wannan hoton ne a kaina. Ban tsaya na tuna cewa nasa ƙarfe ne, nawa alminiyam ba. Na cire taya, na ɗora wilin a kan dutsen da ake wanki, na ɗauko guduma. Bugu na farko ya taso, na ji daɗi. Na biyu ya ƙara tasowa. Na uku ya zarce, bakin ya buɗe waje fiye da yadda yake tun asali. Sai na juya wilin na buga ta ɗaya gefen don in mayar da shi. A nan na ga wani siririn layi fari-fari, bai fi silin gashi ba, ya kwanta a jikin bangon da birki ke kamawa. Na goga da babban yatsa, na ce ƙarzuwa ce.

Da na mayar da wilin na juya shi sai na ga yana rawa, yana shafar robar birki. Ba ni da makullin sifoki, wato wayoyin nan da ke haɗa bakin wili da cibiyarsa, na ɗauko filaya na hau ɗaurewa, wannan zagaye biyu, wancan uku, ba lissafi. Na cinye kan guda biyu har filayar ta daina kamawa. Rawar gefe ta ragu, amma wilin ya koma yana ɗan tsalle sama da ƙasa kamar ƙwai.

Kwana tara na yi ina hawa a haka. Duk sanda na matsa birkin baya sai in ji tsak, tsak, tsak, sau ɗaya a kowane zagaye, hannun birkin yana motsi a tafina. Keken yana faɗa min, ni kuma ina cewa sai an yi albashi. Rana ta goma da safe, a wannan gangaren dai, na kama birki, bangon wilin ya tsage ya buɗe, tiyub ya fashe da ƙara kamar bindigar toka, tsagin ya maƙale a robar birki, taya ta tsaya cak. Na sha ƙasa. Gwiwar hannu da ta ƙafa duk sun salube, rigar ta yage har aljihu. Alhamdulillahi babu mota ko babur a bayana, kuma kaina bai sami dutse ba. Da 'yata ce a kariya, kamar yadda nakan ɗauke ta ranar Litinin, ban san abin da zan ce wa uwarta ba.

Akwai wani dattijo mai gyaran keke a gindin darbejiya a Birnin Kudu, shi na kai wa. Ya juya wilin a hannunsa, ya tsaya a kan tabon, ya daɗe yana kallo.

“Malam, wa ya taɓa wannan?”

“Ni ne, Baba.”

“Da guduma?”

Na ce da guduma. Bai yi faɗa ba, ya dai girgiza kai ya ce alminiyam in ka lanƙwasa shi sau ɗaya yakan haƙura, in ka mayar da shi ka sake dawo da shi sai ya tsage. Ya ɗauko wani tsohon wili mai irin lotsawar tawa ya nuna min. Sifana ce mai bakin da ake matsewa, ya kama bakin wilin da ita, ya jingina wani faffaɗan ƙarfe ta waje don kada ya zarce, ya ja kaɗan, ya matsa gaba kaɗan, ya sake ja. Bai kai shi daidai cif ba ya tsaya, ya ce nan ya isa, taya za ta zauna, ragowar a bar masa. Aikin bai kai minti goma ba. Ina tsaye ina kallo, gwiwata na zogi, ina lissafin abin da minti goman nan zai tsare min da na kawo masa tun ranar Asabar.

Ya kuma nuna min abin da ban taɓa dubawa ba. Ya ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a bangon wilina, sai ga haske yana wucewa ta ƙarƙashi, bangon ya yi kwari kamar cokali. Ya ciro robar birki, ga tsakuwar yashi da ɓarɓashin alminiyam sun nutse a ciki suna ƙyalli. Ashe duk damina, laka da yashi suna hawa wili, ni ina matsa birki, robar tana goge bangon kamar sanfefa. Wilin gwanjo kuma wani ya riga ya ci rabin ransa a can ƙasarsu. Bangon da ya riga ya yi siriri haka na saukar wa guduma.

Sayen sabo ma sai da na yi sawu biyu zuwa Kano. Girman na dace, don Baba ya ce in duba lambar da ke jikin taya, 559 ita ce ta inci 26, 584 ta 27.5, 622 ta 29. Amma ban ƙirga hujin sifoki ba. Na sayo mai 36, cibiyar wilina kuwa 32 ce. A sawu na biyu na samo mai bango biyu, wanda in ka leƙa ta ciki za ka ga kan sifoki a nutse cikin rami. Ya fi mai bango ɗaya tsada, amma in ka matsa shi da hannu za ka ji bambancin. Da yake ya fi tsohon zurfi, tsofaffin sifokina suka yi tsawo, sai da aka sayi sababbi 32. Wili, sifoki, tiyub, robar birki da kuɗin mota, sun tasam ma kashi ɗaya cikin uku na kuɗin keken kansa, a watan da ake neman taki na biyu.

Yini guda na zauna a kan benci ina kallon Baba yana ɗinke wilin. Ya riƙe alli kusa da baki ya juya, inda allin ya taɓa nan ne karkatar. Ya sassauta sifokin wannan gefe, ya ɗaure na wancan, kwatan zagaye kawai, ya sake juyawa. Can sai ya riƙa kaɗa sifokin da farce kamar mai gwada tsirkiyar gurmi, wanda ya yi sauti daban da 'yan gefensa ya koma kansa. Ya ce na gefen kaca dole su fi ɗauri, kada in ji sautinsu ya bambanta da na hagu in ce zan daidaita. Da na miƙo masa yankin tsohon tiyub don shimfiɗa a ciki ya ƙi, ya ce a mai bango biyu roba nutsewa take cikin ramukan ta fasa tiyub, ya sa tef mai tauri.

Yanzu buhu sukutum ba ya hawa kariyata, ko in raba shi biyu ko in jira amalanke. A bakin gangaren nan nakan sauka in yi famfo ko da hadari ya kai ina, in kuma zan haye dutse sai in ɗaga daga kan sirdi ƙafafuna su karɓi bugun. Duk Juma'a bayan masallaci nakan cire robar birki in tsince yashin da tsinken allura. Na sayi makullin sifoki, amma ba na wuce kwatan zagaye, in abin ya ƙi sai gindin darbejiya.

Tsohon wilin, Baba ya goge kaifin tsagin da zarto ya ba ni, na kawo wa ƙaramin ɗana yana gare da shi. Da yamma in ina zaune a ƙofar gida ina duba littattafan yara, nakan ji shi yana zuwa tun daga lungu, duk zagaye sai ya yi tsalle a daidai inda na buga.