Taku hamsin na ƙarshe kafin rafi

Sana'ata gyaran hanya ce, amma ba ta kwalta ba. Hanyoyin daji nake yi, irin waɗanda masu katako ke bi su ɗebo itacen zaiti, wanda wasu ke kira turare, a kan tsaunin Mambilla, daga Maisamari da Nguroje har zuwa wajen Gembu. Ina da tifa ɗaya da leburori tara, da wani yaro da ya yi karatun safiyo yana riƙe mana awo. Gireda sai aiki ya kai mu ɗauko haya. Sauran duk diga ne da shebur da baro.

Wanda ya taɓa hawowa daga Mayo Selbe ya san ƙasar nan. Tudu ne bisa tudu, tsayinsa ya kai kimanin mita 1,600, ƙasa ja mai santsi, ga damina mai tsawo, tun wajen Afrilu har Oktoba ana tafka ruwa. Kowane kwari da rafinsa, kuma kusan kowane rafi akwai gidan da shi ne randarsu.

Shekarun farko ni dai abin da na sani shi ne mota ta wuce lafiya. In gingimari ya shiga ya fito da kaya bai kafe ba, na gama aikina, a biya ni. Ranar da tunanina ya sauya, wata dattijuwa ce ta same mu a bakin aiki da bokiti a ka, mai unguwarsu na biye da ita. Ta sauke bokitin a gabana. Ruwan ciki ja wur, kamar an dama kunun kanwa da jar ƙasa.

Ta ce, "Ɗan nan, kai ne mai hanyar?"

Na ce, "Ni ne, Inna."

Ta ce, "To ga abin da muke sha tun da ka zo. Shekara arba'in ina ɗiban ruwa a wurin nan, ko an yi ruwan sama kafin la'asar ya kwanta. Yanzu sai ya kwana uku bai kwanta ba."

Mai unguwa bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Alhaji, mu je ka gani da idonka." Na ce, "Ranka ya daɗe, mu je." Muka gangara. Gurbin da yara ke kama kifi ya cike da laka har gwiwa, duwatsun ƙasan rafin duk sun ɓace, kuma daga inda nake tsaye ina hango kwatar da na haƙa da hannuna, ta miƙe tun daga kan tudu ta zuba kai tsaye cikin ruwan. Laifin nawa ne, ban yi musu ba.

Abin da na fahimta daga baya shi ne, daji ba ya sakin ruwa da gudu. Ganye da ciyawa da saiwa suna tare shi, ƙasa ta shanye. Amma hanya ƙasa ce da taya ta daddanne, ba ta shan komai. Duk ɗigon da ya faɗo mata sai ya nemi gangare, ya faɗa sawun taya, sawun ya zama kwata, kwatar ta haɗu da ruwan da ke tsattsafowa daga bangon da muka yanke a jikin tudu. In ka bar shi ya yi tafiyar mita ɗari biyu bai huta ba, ya riga ya yi ƙarfin da zai ɗauki tsakuwa, balle laka.

Sai dai ba kowace zaizaya ce ke kaiwa rafi ba, kuma nan ne ainihin sana'ar take. Hanya za ta iya cinyewa a kan tudu, lakar ta zube cikin ciyawa ta kwanta, ba ta cuci kowa ba sai mai mota. Wata kuwa za ka gan ta sumul, amma kwatarta na da baki a cikin rafi. A hanyar kilomita biyar, sau da yawa wurare uku ko huɗu ne ke ɓata ruwan, kuma kusan kullum a gangaren da ke sauka zuwa mahaye suke, wato inda hanya ke ƙetare rafi. Shi ya sa nake ce wa yarana, idonku ya tsaya a taku hamsin na ƙarshe.

Awon da muke yi ba ya buƙatar na'ura mai tsada. Sharaɗinsa ɗaya ne, a fita ana cikin ruwa. Wanda ya duba hanya da rana tsaka a watan Janairu bai ga komai ba. Mukan sa rigar leda mu bi ruwan da ƙafa, daga inda ya taru har inda ya ƙare, yaron nan na rubutawa: tsawon hanyar da ke zubowa wuri ɗaya, tsananin gangarenta, ko ƙasa ce tsirara ko an zuba tsakuwa, sannan babbar tambaya, ya isa rafi ko bai isa ba. A kowane mahayi muna cika kwalba biyu, ɗaya sama da hanya, ɗaya ƙasa da ita, mu ajiye su kwana. Da safe kaurin lakar da ta kwanta a gindin kowace ita ce shaida, kuma na ga kwalaben nan sun rufe bakin mai katakon da awa guda ta gardama ba ta rufe ba. Muna kuma kafa guntayen rodi a jikin bangon hanya, mu shafa fenti daidai fuskar ƙasa. Ƙarshen damina, tazarar da ke tsakanin fentin da ƙasa ita ce abin da ya tafi. A bakin kwata kuma mukan haƙa rami mu bar laka ta taru, mu kwashe da kwanon sarki muna ƙirgawa.

Maganin yawanci araha ne. Ka raba ruwan tun bai yi ƙarfi ba. Muna ɗaga kunya a karkace a tsakiyar hanya, kamar kunyar gona, ta kauda ruwa gefe zuwa cikin ciyawa. A gangare mai tsanani kowane taku ashirin zuwa talatin nake sa ɗaya, inda ƙasa ta ɗan kwanta sai a ƙara tazara. Wadda ta fi muhimmanci ita ce ta ƙarshe, wadda ke karkatar da kwata kafin ta kai mahayi, ta bar fili mai ciyawa tsakaninta da rafi. Daga nan zuwa bakin ruwa sai tsakuwa mai kauri. Bakin da ruwa ke fita daga kwalbati muna shimfiɗa masa duwatsu, don in ya faɗo a kan ƙasa tsirara rami zai haƙa, ramin ya ci baya har ya cinye hanyar. Jikin bango kuma muna dasa ciyawar jema a jere, saiwarta na nutsewa ƙasa sosai, ganyenta na tace laka.

Kwalbati shi ne inda na fi shan gardama. Mai kaya yana son ƙarami don ya rage kuɗi. Ƙaramin kwalbati reshe ɗaya ke toshe shi, ruwa ya taru a baya, ya haura hanya, ya kwashe duk ƙasar da aka cika mahayin da ita a dare ɗaya. Lodin tifa goma ko fiye, duk cikin rafi. Na daina karɓar aikin da aka ce in sa ƙasa da abin da na auna, ko da hakan na nufin wani zai karɓe.

Akwai kuma abin da ba diga ke gyara shi ba, wato yawan zirga-zirga. Tsofaffin Land Rover ɗin nan namu ba su cika ɓarna ba, amma gingimari mai lodi a kan jiƙaƙƙiyar hanya niƙa ƙasa yake yi, ya mai da ita gari, ruwa na gaba ya kwashe. Yaron awonmu ya taɓa karanta mini wani bincike da aka yi a dazukan jihar Washington ta Amurka, aka buga a 1984, inda aka gano hanyar da manyan motoci ke bi sosai tana fitar da laka ninki 130 na wadda aka daina bi. Ban yi mamaki ba. Shi ya sa nake roƙon masu katako su dakatar da lodi ranar da aka yi ruwa mai yawa da washegarinta, a Agusta da Satumba kuwa su haƙura in za su iya. Wasu na ji, wasu na cewa direba na jira, kuɗin mota na tafiya. Ina gane uzurinsu, ni ma ina da masu jiran albashi.

Na ga ƙarshen rashin ji a ƙasan tsauni, wajen Bali da Garba Chede, lokacin rububin madobiya, wadda 'yan kasuwa ke kira madrid, ana kai ta China, kafin a sa ta cikin itatuwan da CITES, yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa, ke sa wa ido a 2016. Kowa ya fasa hanyarsa cikin daji, ya kwashi gumagumai ya tafi. Ba kunya, ba kwata, ba wanda ya waiwaya. Hanyar da aka watsar haka ba ta warkewa da kanta in tana kan gangare, kowace damina ƙara zurfi take yi, lakar kuma ta bi ƙoramu zuwa kogin Taraba, daga can sai Binuwai.

Don haka yanzu kuɗin rufe hanya yana cikin lissafina tun ranar farko. In an gama ɗiban kaya, mukan ciro kwalbatin wucin gadi, mu mai da bakin rafi yadda yake, mu fasa fuskar hanyar da diga don ta sha ruwa, mu ɗaga manyan kunyoyi, mu watsa ciyawa da rassan zaitin da aka sassabe. Hanyar ƙauyen dattijuwar nan ita ce ta farko da na yi wa haka, da kuɗin aljihuna, kwana shida da leburori bakwai. Damina biyu ta wuce kafin duwatsun ƙasan rafin su sake bayyana. Gurbin kifin har yanzu bai koma zurfinsa na da ba, kuma cikin makon nan zan tura yara biyu su duba jemar da muka dasa a bakinsa kafin ruwan Afrilu ya sauka.