Ranar da matar gidauniya ta zo Agege

Talata, wajen sha ɗaya na dare. An ɗauke wuta tun magariba, janaretan maƙwabta sai ƙugi yake, ni kuwa barci ya ƙi zuwa, bari in rubuta abin da ya faru kafin ya fice min daga kai.

Yau ne jami'ar gidauniyar da ƙungiyarmu ta nemi tallafin kuɗi a wajenta ta zo duba mu. Wata biyar kenan muna wannan tafiya. Da farko shafi biyu kawai suka nema, su waye ku, me kuke yi, nawa kuke so, na rubuta cewa muna da aji na yamma na matan aure da 'yan mata masu talla a nan Agege, boko da lissafi da ɗan ɗinki. Shiru har na cire rai, sai ga imel wai mun tsallake, a turo cikakken bayani da bajet. Daga nan wahalar ta fara: satifiket ɗin rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni da ƙungiyoyi, mai sunayen amintattu, takardar SCUML, sashen EFCC mai yaƙi da halasta kuɗin haram, wadda banki ma ba ya buɗe wa ƙungiya akawun sai da ita, lambar haraji, rahoton odita na shekara biyu, da shaidar cewa mutum biyu ne ke sa hannu kafin kuɗi ya fita. Oditan kaɗai sai da muka yi karo-karo.

Ta ce ƙarfe goma, ta iso sha biyu da rabi, gosulo ya riƙe ta a Ikeja Along. Bayarabiya ce, ba ta da girman kai ko kaɗan, ta cire takalmi ta zauna kan tabarma da matan. Na yi zaton jawabi za ta nema, na ma kwana ina haddacewa, ashe rajistar kiran suna take so. Ta buɗe watan Maris, ta sa yatsa a kan wani suna ta ce wannan ina take yau, aka ce ta haihu ranar Juma'a, ta yi dariya ta rubuta wani abu a ɗan littafinta. Sai ta koma kan fayil ɗin risit, nan gabana ya faɗi, don tabarmi shida da alli da muka saya a kasuwa babu risit ko ɗaya, wace mai tabarma ce za ta ba ka risit a kasuwar Agege fisabilillahi? Ta ce ba laifi ba ne, amma daga yau mu riƙe takardar biya tamu, a rubuta kaya da kuɗi da rana, mai kaya ta sa hannu ko ta dangwala yatsa, ma'aji ya sa nasa. Abu mai sauƙi haka, shekara huɗu ba wanda ya gaya mana.

Inda aka yi ta shi ne da Baba Alhaji, shugaban amintattunmu. Ya ja ni gefe ya ce, "Ɗiyata, tambaye ta, in kuɗin ya zo ba za a ɗan tsakura a gyara kwanon masallaci ba? Damina ce fa." Na ce Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, a bar maganar nan, ya ce a'a tambaye ta. Na fassara ina jin kunya. Ba ta ji haushi ba, ta ɗauko bajet ɗinmu ta nuna masa layi-layi, wannan na alawus ɗin malamai, wannan na kekunan ɗinki huɗu, wannan na littattafai, ta ce ko daga layin littattafai za a matsar zuwa na keke sai an rubuto musu sun amince a rubuce. Kuma ba a dunƙule kuɗin ke zuwa ba, kashi-kashi ne, sai kun kawo rahoton na farko da lissafinsa a saki na biyu. Baba ya yi shiru, can ya ce, "To ai wannan ajiya aka ba mu." Ni dai ban taɓa jin wanda ya fassara abin daidai haka ba, mu da muka saba attajiri ya miƙo ambulan bayan sallar Juma'a a yi masa addu'a shi kenan.

Shi Baba duk ɗaya ya ɗauki gidauniyoyin nan, yana ta ce min mu nemi na Tony Elumelu, na ce wancan dala 5,000 ce ta jari ga masu kasuwanci. Masu ba ƙungiyoyi su ne irin su Ford, da ke da ofis a nan Legas tun 1960, da MacArthur da ke da ofis a Najeriya tun 1994, da ta T.Y. Danjuma mai harkar lafiya da ilimi. Na Amurkan nan, Ford da MacArthur, dukiyarsu a zuba take cikin hannun jari, doka kuma ta wajabta musu fitar da kusan kashi 5 cikin 100 duk shekara, wato dole su bayar, sai dai su zaɓi wa. Tun da aka rufe ayyukan USAID, hukumar tallafi ta gwamnatin Amurka, a 2025 kuwa manyan ƙungiyoyi masu ofis da akanta suka dawo layi ɗaya da mu.

Abu ɗaya ya tsaya min a rai. Na bar layin haya da mai da data fayau, don kar a ce mun cika kwaɗayi, sai ta ce wa zai biya hayar ajin to? Ta ce in saka, ba roƙo ba ne, aiki ba ya tafiya babu su. Da na dawo na duba, ashe Ford ma a 2016 ta ɗaga kason irin wannan hidima a cikin tallafinta zuwa kashi 20 cikin 100. Ni ina nan ina biyan data daga aljihuna ina ganin na yi abin kirki.

Ba ta yi mana alƙawarin komai ba, ta ce ita rahoto kawai za ta rubuta, kwamitinsu ne zai zauna ya yanke. Mun kawo mata tuwon shinkafa da miyar taushe ta ci sosai, amma turaren wutan da matan suka haɗa mata ta ƙi karɓa, wai dokar aikinsu ta hana, wata Hajiya a cikinsu har yanzu ba ta huce ba. Gyararren bajet kafin Juma'a take so, kuma ban san nawa ne kuɗin haya na baɗi ba, sai na je wajen mai gidan da sassafe kafin ya fita Mile 12.