Yadda na samu inshora a Ingila bayan kotu ta yanke min hukunci

A watan Maris na 2021 kotu a Birmingham ta same ni da laifin ji wa wani mutum ciwo a faɗan da muka yi a bakin wurin aiki, aka yanke min wata 8 amma ɗaurin je-ka-gyara-halinka ne, wato ban kwana a gidan yari ba ko sau ɗaya. Laifina ne, zuciya ce ta ɗebe ni kuma na yi nadama har yau. Da na fito daga kotu na ɗauka shikenan magana ta ƙare, ashe akwai sauran rina a kaba, kuma inda abin ya fara kama ni wurin da ban taɓa kawowa a raina ba ne, wato inshora.

Wata uku bayan nan lokacin sabunta inshorar kayan gidanmu ya yi. Ina zaune a kicin da daddare yara sun yi barci, shayi a gabana har ya huce, ina cike fom a waya sai ga tambaya, wai kai ko wani da kuke zaune tare akwai wanda kotu ta taɓa samu da laifi wanda bai riga ya goge ba. Na danna eh. Kamfanonin da suka cika shafi ɗazu sai suka ɓace, saura ɗaya ko biyu da kuɗin da ba zai biyu ba. Maman Yusra ta ce toh Baban Yusra a yi da sunana mana tunda ni ba ni da komai, na nuna mata layin da ya ce duk wanda ke cikin gidan, ta yi shiru ta ajiye wayar. Wallahi wannan shirun nata ya fi min hukuncin kotu ciwo, dan a lokacin na gane abin da na jawo ba ni kaɗai ya shafa ba.

Washegari wani abokina da muke sallar Juma'a tare ya ce min kai ma dai da tsoro kake, ka danna a'a kawai wa zai sani. Na kusa bin shawararsa, ba zan ɓoye ba. Abin da ya tsayar da ni shi ne na karanta cewa kamfanin ba lallai ya bincika ranar da kake biyan kuɗi ba, ranar da gobara ta tashi ko ɓarayi suka shiga ka je neman diyya ranar ce za su tono komai, idan suka ga da gangan ka yi ƙarya dokar inshora ta 2012 ta ba su dama su soke inshorar kamar ba a taɓa yi ba, su hana ka diyya kuma su riƙe kuɗin da ka biya. Kuma bayan haka duk fom ɗin da za ka cike akwai tambayar ko an taɓa soke maka inshora, ita wannan galibi ba ta da wa'adi, haka za ta yi ta bin ka. Ga ƙarya kuma tsakaninka da Allah.

Wata ƙungiyar agaji mai suna Unlock ce ta buɗe min ido, aikinsu kenan taimakon masu tarihin laifi. A shafinsu na fahimci dokar 1974 da ake kira Rehabilitation of Offenders Act, wadda ta ce bayan wani wa'adi laifin mutum yana zama "spent", wato ya goge a wajen irin waɗannan tambayoyi, ko an tambaye ka kana da haƙƙin ka ce babu. Ni a tunanina tunda ban shiga gidan yari ba ai nawa ƙarami ne, ashe ɗaurin je-ka-gyara-halinka lissafinsa ɗaya da wanda aka kulle. A dokar lokacin, hukuncin da ya wuce wata 6 zuwa wata 30 sai ya ƙare sannan a ƙara shekara 4 a kai, kenan ni sai Nuwamban 2025. Na rubuta ranar a takarda na liƙa a cikin ƙofar kabad.

Toh kafin nan fa? Unlock suna da jerin dillalan inshora da suka saba da irin mu, na ɗauki waya na kira ɗaya bakina na rawa. Matar da ta ɗauka ko muryarta ba ta canza ba, ta tambaye ni wane laifi ne, wace rana, wane hukunci aka yanke, na karanto mata daga takardar kotu kalma da kalma. Kwana biyu ta dawo min da farashi, ya kusa ninka na da amma muna iya biya. Na roƙe ta ta rubuta min a imel cewa na faɗa musu laifin kuma sun amince a haka, wannan imel ɗin har yau yana nan na kuma buga shi a takarda, dan maganar waya idan rigima ta tashi ba ka da abin nunawa.

Na mota kuma daban ne, kuma shi dole ne, tuƙi babu inshora tarar fam 300 ce da maki 6 na laifi a lasisi, har motar suna iya kamawa. Wasu kamfanonin laifin tuƙi kawai suke tambaya na shekara 5 da suka wuce, wasu kuma suna haɗawa da sauran laifuka. Tun Afrilun 2013 abin da aka tambaye ka shi kaɗai ne wajibi ka amsa da gaskiya idan inshorar ta kanka ce ba ta kasuwanci ba, dan haka sai na nemi wanda bai tambaya ba. Amma fa a kula sosai, shafukan nan na kwatanta farashi wani lokaci ba sa tambaya, sai ka shiga shafin kamfanin ka tarar da wani dogon rubutu na abubuwan da suka ɗauka ka yarda da su, a ciki har da cewa ba ka da laifi, mutum ya danna na yarda bai karanta ba ya sa kansa a rami. Ni sai da na bar kamfani biyu saboda wannan layin kafin na dace da na uku.

A ranar 28 ga Oktoban 2023 aka rage wa'adin a Ingila da Wales, hukuncin da bai wuce shekara 1 ba yanzu shekara 1 kawai ake ƙarawa bayan ya ƙare, kuma canjin ya haɗa da tsofaffin hukunci irin nawa. Babu wanda ya aiko min da wasiƙa, dillalin ma bai kira ni ba, wani ɗan uwa ne ya turo min labarin a WhatsApp, na shiga na'urar lissafin Unlock na sa ranakuna ta nuna min nawa ya goge. Ban yarda ba sai da na nemi takardar bincike ta DBS, hukumar da ke duba tarihin laifin mutum, ta matakin farko wadda laifin da bai goge ba kawai take nunawa, ta zo babu komai a kai.

Da sabuntawa ta zagayo a 2024 na zauna a kicin ɗin nan dai, tambayar ta fito, na kira Maman Yusra ta zo ta tsaya a bayana, na danna a'a, kamfanoni suka cika shafin har sai da na yi ta jan shi ƙasa. Ita ce ta je ta ɓare takardar nan daga ƙofar kabad.